Filin Tambaya Da Amsa: Wane Kala Motar Ta Fito Da Shi Tun Farko?

Assalamu alaikum jama'a. Wanga wata kusan rabin saƙonnin da suka shigo mana kan fenti ne, musamman fentin tsoffin motocin tsere da yadda ake gano kalarsu ta asali. Na tsinto guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon. Wasu tambayoyin na ɗan rage masu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Oga. Ni ɗalibi ne a Daura, ina yawan kallon tsoffin tseren motoci a waya irin na shekarun 1950 da 1960. Na lura motocin Italiya duk jajaye ne, na Ingila tsanwa, na Faransa bulu. Wai kamfani ke zaɓa ko doka ce? Kuma abokina ya rantse Ferrari bata taɓa shiga tsere da wata kala ba in ba ja ba, har musu ya kusa raba mu. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi daidai ba, amma bari mu faro daga tushe. A wancan zamanin ƙasa ce ke da kala. Abin ya samo asali daga gasar kofin Gordon Bennett da aka yi daga 1900 zuwa 1905, ƙasashe ne ke karawa a cikinta, sai aka ba kowace ƙasa launinta don alƙalai da 'yan kallo su gane mota tun daga nesa cikin ƙura. Faransa bulu, Beljiyam ruwan ɗorawa, Jamus fari, Amurka ja. Eh, jan nan da ake ta ɗaukar shi gadon Italiya ne, Amurka aka fara ba, daga baya ya koma hannun Italiya. Kamar dai hawan Sallah ne a ƙofar gidan Sarki, tun kafin ka ga fuskar hakimi kayan mutanenshi sun gaya maka wanda ke tafe.

Ita Ingila wani direba Selwyn Edge ne ya ciyo mata kofin a 1902 da mota Napier, sai ya zama ita zata karɓi baƙuncin gasar 1903, to kuma dokar ƙasar ta hana tsere a kan titi, dole aka kai gasar Ayalan, shi ne motocinsu suka fito da tsanwa don girmama masu masauki, tun daga nan ta bi su. Amma ka lura tsanwar Ingila ba iri ɗaya bace, ta Aston Martin ɗin da ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1959 mai haske ce tana ƙyalli, ta BRM, wani kamfanin motocin tsere na Ingila, kuwa mai duhu ce har ta kusa zama baƙa, kuma duk sunansu ɗaya. Don haka in mutum ya ce maka ga “ainihin” tsanwar tseren Ingila a gwangwani, tambaye shi ta wace mota.

Inda abokinka ya zame shi ne, kalar tana bin ƙasar wanda ya shigar da motar gasa ne, wanda ya ƙera ta bai da ta cewa. Ƙungiyar Ecurie Francorchamps ta Beljiyam ta yi shekaru tana tsere da Ferrari ruwan ɗorawa. Cikin Ferrari 250 GTO guda 36 da aka ƙera akwai wadda ta fito da tsanwa mai haske, ita ce Innes Ireland ya ci tseren Tourist Trophy da ita a Goodwood a 1962. Kai har shi kanshi kamfanin, a 1964 Enzo Ferrari ya yi faɗa da hukumar tseren ƙasarshi, ya yi fushi ya tura motocinshi tseren Amurka da na Meziko da fari da bulu, kalar da Amurkawa ke amfani da ita lokacin, kuma a cikin wagga motar John Surtees ya zama zakaran duniya. Sai ka nuna mashi wannan.

Tsarin ya fara rushewa a 1968 da aka bar 'yan talla su shigo. Lotus ta ajiye tsanwa ta sa ja da fari da ruwan zinare na wani kamfanin taba, Ford GT40 kuma ta ci Le Mans a 1968 da 1969 da bulu mai haske da ruwan lemo na kamfanin mai na Gulf. Daga nan kala ta koma ta mai kuɗi.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ni fenta ne, garejinmu na wajen Ƙofar Ƙaura. Wani Alhaji ya kawo mani tsohuwar Fijo 504 wai ta mahaifinshi ce, yana so in mayar mashi da ita kalarta ta asali, kuma ya ce ya ji irin motar ta taɓa cin tsere a Afirka. Matsalar ita ce an sha fesa ta, yanzun ruwan toka ce, shi kanshi bai tuna kalar farko ba, wata rana ya ce fara wata rana ya ce ruwan madara. Ta ina zan fara?

AMSA: Yauwa Malam, wannan ita ce tambayar da na fi so a wanga watan. Abin da Alhaji ya ji gaskiya ne, Fijo 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 da Ove Andersson a kan sitiyari, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna kenan, kuma kafin ita yayarta 404 ta ci wannan tseren har sau huɗu a shekarun 1960. Motar da muka raina muka mayar ta tasha tana jigilar Katsina zuwa Kano da buhun gero a but, jinin tsere gare ta.

Abu na farko, dan Allah kada ka fara da kankare ta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a garejinmu, mota na shigowa yara su hau ta da samfefa su kai ta ƙarfe, shikenan an goge shaida, bayan nan sai dai cinta. Ka ɗauki hotunanta ta ko'ina tukuna.

Sannan ka nemi inda mai fesa ba ya kaiwa. Duk wanda ya sake fesa mota a nan ƙasar, sai ɗan kaɗan, waje kawai yake bi, ba ya cire gilashi ba ya sauke dashbod. To ka ɗaga robar gilashin gaba da na baya ka leƙa ƙarƙashinta, ka cire kwalin ƙofa ka duba cikin ƙofar, ka ɗaga kafet da kujerar baya, ka duba ramin safaya a but, bayan dashbod, ƙarƙashin rufin ciki, ƙarƙashin hinjin ƙofa, da bayan duk wani faranti da aka buga da ribit. Fentin da ke waɗannan wuraren rana bata taɓa ganin shi ba, ƙurar hunturu bata goge shi ba, shi ya fi kusa da yadda motar ta baro kamfani. Amma kada wuri guda ya ishe ka, don motar da ta kai shekara arba'in da wuya ace ƙofofinta huɗu duk nata ne, ana cin karo a sayo ƙofa ko bonet ɗin wata a ɗaura. Shi yasa na fi yarda da gangar jiki, wato rufi da ginshiƙan ƙofa da bangon da ke tsakanin inji da direba, su ba a cika canza su ba. In ka samu kala ɗaya a wuri uku ko huɗu na gangar jiki to ka kama ta.

Na biyu, ka duba gidan inji da kyau da fitila, ka wanke maiƙon a hankali da kananzir, kamfanoni suna barin lambar fenti ko dai a kan faranti ko a buga ta a jikin ƙarfe. In ka samu lambar aikinka ya zo da sauƙi, masu haɗa fenti na da littafi ko kwamfuta da zasu fitar maka da haɗin.

In duk wannan bai gamsar da kai ba sai ka buɗe ‘taga’. Ka zaɓi wuri a gefen rufi ko ginshiƙi, faɗin tafin hannu, ka sa samfefa mai laushi da ruwa kana gogawa a kwance a hankali, tsakiya ya fi zurfi gefe ya fi sama, zaka ga fentin yana fitowa zobe zobe, na waje shi ne sabo, na can ciki da ke kan firaimar farko dab da ƙarfe shi ne na kamfani. In ka tarar da bodi fila a ƙarƙashi to wurin an taɓa gyara shi, bar shi ka koma wani wurin. Kafin ka yanke hukunci ka goge zoben da folish ko ka jiƙa shi, busasshen fenti da aka goga kullum ya fi haske a ido. Kuma ka sa takunkumi, ka yi aikin da ruwa, tsoffin fenti musamman ja da ɗorawa wasu akwai dalma a ciki, ƙurar bata da kyau ga huhu, ku kuma fentoci kun saba yin aiki hanci a buɗe da kofin madara wai ita ce magani, ba magani bace.

Masu gyaran motocin tsere na miliyoyi a Turai abin da suke yi kenan, sai dai su suna da kayan aiki. Suna da na'urar auna kaurin fenti, na kamfani yakan tsaya wajen maikiron 100 zuwa 180 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), in ta nuna 500 ko 1000 an san an sake fesawa ko akwai fila. Suna yanko ɗan ɓarɓashi su duba shi ta gefe a madubin ƙara girma su ƙirga fenti nawa aka yi, sannan akwai wata na'urar da ake ɗorawa kan fenti ta karanta launin ta ba da haɗi. Suna kuma da takardu, Ferrari ta buɗe sashen Classiche a 2006 don tantance tsoffin motocinta, Porsche da Marsandi da Jaguar duk suna da katin haihuwar kowace mota, ka ba da lambar shasi a gaya maka kala da ranar fitowa. Amma ko su motar tsere na ba su wahala fiye da ta gida, don ita ana iya fesa ta sau uku a shekara guda, ta yi hatsari ranar Asabar a buga mata sabon hanci a fesa cikin dare da abin da ya samu, ta canza hannu ta canza ƙasa ta canza kala. Shi yasa kafin su taɓa ta sai sun zauna da mai ita sun tsayar da magana, kalar wace rana ake so, ranar da ta fito daga kamfani ko ranar da ta ci babban tserenta. Kai ma ka yi wa Alhaji wannan tambayar, don zai iya yiwuwa kalar da ke ranshi, wadda ya tashi ya ga Baba na tuƙawa, fenti na biyu ce.

Ƙarshe, in ka haɗa fenti ka fesa a ɗan gwangwanin gwaji tukuna, ka bari ya bushe, ka kara shi da na asali a waje da hantsi, kada ka gwada ƙarƙashin fitilar shago, kala biyu na iya zama ɗaya a ƙwan lantarki su rabu a rana.

TAMBAYA: Malam ina da hoton kakana baƙi da fari yana jingine da motarshi, na sa shi a wata manhaja ta waya ta mayar da shi mai kala, motar ta fito ja. Shin zan iya yarda? Daga wata 'yar'uwarku, Rafindaɗi.

AMSA: A'a ƙanwata, kada ki yarda. Manhajar cinta take yi, ta ga dubban hotunan motoci ta zaɓi wadda ta fi kama, in kika sake sa hoton a wata manhajar zata iya ba ki bulu. Ki ajiye shi don sha'awa, ba laifi.

Shi kanshi hoton baƙi da fari yana da nashi ruɗin. Tsohon fim na farkon ƙarni na 20 ba ya ganin ja sosai, sai jan abu ya fito baƙi ƙirin, bulu kuma ya fito fari fari, shi yasa a hotunan shekarun 1920 jar Alfa Romeo kan fito kamar baƙa, Bugatti mai bulu kuma ta fito da haske. Wanda bai sani ba sai ya rantse. Masu bincike abin da suke yi shi ne su nemi wani abu a cikin hoton da aka san kalarshi tabbas, tuta ko allon talla ko wata motar da ke gefe, su gwada duhunsu. Ke ma ki duba, in akwai wani abu a hoton da har yanzun yana gidan, ko ƙofa ko darduma, zai ɗan taimaka, amma iyakarshi ya ce miki kalar mai duhu ce ko mai haske.

Hoto mai kala ma ba a sakin jiki da shi. Na shekarun 1970 da ke cikin albam ɗin gidajenmu ai kin ga yadda suka koma ja ja, duk farar riga ta zama ruwan goro. Ga kuma wani misali, motocin McLaren da Ayrton Senna ya ci kambun duniya da su a 1988 da 1990 da 1991, a talabijin fari da ja ne, amma wanda ya gan su ido da ido zai ce miki jan nan ya fi kusa da ruwan lemo mai ɗaukar ido, da gangan aka haɗa shi haka don ya fito ja a kyamara. Abin da zai fi miki amfani shi ne tsoffin takardun motar in suna nan cikin akwatin kaka, lasisi da inshora duk ana rubuta kala, sai kuma tsofaffin gidan, ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya kada ki haɗa su wuri guda, in ba haka ba duk zasu bi bakin babbansu.

TAMBAYA: Wai da gaske ne Marsandi kankare fenti suka yi don mota ta yi nauyi, shi ne asalin ruwan azurfar motocin tserensu? Na gani a Facebook. Daga wani direba, Mai'aduwa.

AMSA: Labarin ya shahara, ga yadda ake ba da shi. A 1934 an kafa doka motar babban tsere kada ta wuce kilo 750, aka ɗora sabuwar Marsandi W25 a sikeli kafin tseren Eifel a filin tsere na Nürburgring da ke Jamus ta wuce da kilo ɗaya, sai manajan tawagar Alfred Neubauer ya sa aka kwana ana kankare farin fentin har gorar ruwan jikin ta fito tana ƙyalli, washegari Manfred von Brauchitsch ya ci tseren. Cin tseren gaskiya ne. Kankarewar ce masana tarihi da yawa ke tababa a kai, don labarin bai bazu ba sai a shekarun 1950 daga bakin shi Neubauer ɗin, mutum ne mai iya zance, kuma wancan tseren ba a ƙarƙashin dokar kilo 750 aka yi shi ba, sannan tun 1932 shi von Brauchitsch ya ci tseren Avus a Balin da Marsandi mai jikin gorar ruwa ba fenti. Ga Auto Union, wani kamfanin motocin Jamus, ma a 1934 ɗin da ruwan azurfa ta fito ba tare da kowa ya kankare komai ba. Ni dai ina jin daɗin labarin amma ba zan sa kuɗina a kai ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu Allah ya jiƙanshi ya bar Marsandi 230 ta wajen 1980 a gareji nan GRA Katsina, ba a taɓa fesa ta ba, bulu ce mai duhu amma rufin da bonet sun koɗe. Yayyena maza sun ce a fesa ta fara tas a riƙa kai amare, ni kuma raina bai so. Me ka gani?

AMSA: Amin Hajiya, Allah ya kai rahama kabarinshi. Ina bayanki ɗari bisa ɗari. Motar da ta haura shekara arba'in da fentinta na kamfani a wagga ranar tamu abu ne mai wuyar samu, kuma ana fesa ta an rasa shi kenan, kuɗi ba ya dawo da shi. A duniyar masu tara motoci ma yanzun abin ya juya, a 2024 babbar kyautar bikin Pebble Beach na Amurka wata Bugatti Type 59 ta 1934 ce ta ɗauka, tsohuwar motar tsere da duk ƙarce da koɗewarta, karo na farko kenan da motar da ba a sabunta ba ta ci. Kuma baƙin fentin da ke jikinta mai ratsin ɗorawa na zamanin da Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya mallake ta ne, ba a ce sai an mayar da ita bulun Faransa ba.

Ki sa a wanke ta da hannu, a samu wanda ya iya folish ya gwada a ɗan wuri a kan but, sau da yawa koɗewar nan saman fenti ne kawai ya mutu, ana ɗauke shi kalar ta dawo, amma ki ja mashi kunne kada ya danna inji a gefuna da kusurwoyi, nan fenti ya fi siriri. Bayan nan a shafa mata kakin mota, a ajiye ta a inuwa, kada a lulluɓe ta da leda ko tamfol mai kauri lokacin hunturu, iska na kaɗa shi ƙura na shiga tsakani yana goge fentin. In akwai tsatsa a gindin ƙofa ko bakin taya to wannan kam a gyara shi da wuri, wurin kawai, da fentin da aka haɗa daidai da na jikin yadda yake yanzun.

Irin wagga Marsandin in kika buɗe bonet akwai faranti a kan ƙarfen da ke saman lagireto, lambar fenti na jiki, lamba uku ce. 040 baƙi ne, 050 fari, 904 shi ne bulu mai duhu, ina kyautata zaton ita zaki gani. Ki ɗauki hoton farantin ki turo mani ta adireshin mujalla in duba miki. Su kuma yayyenki ki ce masu motar amare ana samun ta haya.